Kada Mu Yi wa Kuskure Fenti

Na roƙi Malam Edita ɗan fili a wannan mujalla tamu domin in tsoma baki cikin gardamar da ta raba kan 'yan ƙungiyar kimiyya tun tsakiyar wannan zango. Gardamar kuwa a kan na'urar nan ce mai ƙera kaya da zaren roba, wadda a ke kira na'urar 3D, da tsofaffin ɗalibai suka ba makaranta kyauta bara waccan. Waɗansu sun ce ta tsufa, a roƙi sabuwa. Waɗansu sun ce wasan yara ce mai cin kuɗi, a kai ta sito a kulle tare da karyayyun kujeru. Shugaban makaranta ya ce zai yanke magana a ƙarshen zango, ko a ci gaba da ba mu kuɗin zare ko a daina. Ni ina da ra'ayi, amma da ya ke da hannuna dumu-dumu cikin ɓarnar da ta jawo maganar, gara in fara da tona asirin kaina.

Wanda bai taɓa ganin na'urar tana aiki ba, to ya tuna da maginin rumbu. Yakan mulmula ƙasa ya ɗora sahu guda, ya zagaye, sa'an nan ya ɗora wani a kansa, har gini ya tashi. Haka ita ma ta ke yi, sai dai ƙasarta roba ce. Zare mai kaurin milimita 1.75 yana naɗe a kwarkwaro, waɗansu haƙora na ƙarfe suna tura shi cikin wani baki mai zafin digiri 200 ko kusa da haka, ya narke, ya fito ta ƙofar da faɗinta milimita 0.4 ne kacal. Kaurin kowane sahu yawanci milimita 0.2. Watau abin da tsayinsa ya kai santimita 10 sai an jera masa sahu 500, kuma kowane ɗaya dole ya kama na ƙasa da shi, ya kuma manne da na gefensa. In ɗaya ya yi ƙaranci, ga kafa ta samu.

To, a watan Mayu mazurarin ma'aunin ruwan sama na makaranta ya fashe. Malamin labarin ƙasa ya zo ɗakinmu ya tambaya ko za mu iya ƙera masa wani, mai faɗin baki inci 5, watau milimita 127, kamar na da. Muka ce wannan ai ƙaramin abu ne. Muka zana shi a kwamfuta, na'ura ta yi ta zirga-zirga tun hantsi har la'asar. Da muka cire shi muka ɗaga shi wajen taga, sai ga haske yana ratsowa ta waɗansu 'yan kafofi siri-siri a jikin bangonsa, kamar zanan da ya kwana biyu. Muka sake wani, haka. Muka sake na uku da na huɗu, ba ta canza zane ba. Ni ne na kawo shawarar da na ke jin kunyarta yau. Na je wurin masu gyaran jikin mota na samo ɗan foti, muka shafe kafofin, muka goge da samfefa, muka fesa fenti shuɗi. Kai, ya yi kyau! Malam ya karɓa yana ta sa mana albarka, mu kuwa muna ta hura hanci.

Bayan mako uku aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe Malam ya aiko a kira ni. Na same shi tsugune a gaban ma'aunin, ya nuna mini kwalbar da ruwa ya kamata ya taru a ciki, ko rabi ba ta yi ba, amma gwangwanin da ke kewaye da ita ga ruwa nan kwance. Rana ta gasa fotin ya tsattsage, ruwa ya bi tsohuwar hanyarsa. Ya ce, "Samari, tun yaushe wannan abu ya ke yoyo?" Na ce, "Wallahi Malam ban sani ba." Ya ce, "To ni ma ban sani ba. Saboda haka duk abin da muka rubuta a littafi cikin makon nan uku ba shi da amfani." Ya ɗauki jan biro ya soke shafin a gabana. Littafin nan an fi shekara goma ana cika shi kowace safiya. Bai zage ni ba, bai kai ƙarata ba. Da ma bulala ya yi mini da ta fi mini sauƙi.

Daga ranar ne masu cewa a kulle na'ura suka sami abin faɗi. Ni kuwa abin da na ke so in nuna shi ne, na'urar ba ta yi mana ƙarya ba. Sau huɗu tana nuna mana cewa akwai abin da ke damunta, mu ne muka toshe mata baki da foti.

Ga yadda muka gano ciwon. Da farko mun yi irin abin da kowane ɗan koyo ya ke yi, watau mu taɓa kome a lokaci guda. Wannan ya ƙara zafi, wancan ya rage gudu, wani ya murɗa noti, sa'an nan a buga a gani. In ya gyaru ba mu san abin da ya gyara shi ba, in ya ƙara lalacewa ba mu san wanda za mu kama ba. Malamin fizis ne ya leƙo ya tarar da mu cikin wannan hali, ya ce, "Ku kuwa kun auna wani abu, ko duba ku ke yi?" Ya sa muka ɗauki rula muka auna milimita 120 a jikin zaren daga inda ya ke shiga, muka yi alama da biro, muka umurci na'ura ta tura milimita 100. In lafiyarta lau, saura 20 za a gani. Da muka auna sai muka ga saura 31. Ashe 89 kawai ta ke turawa a maimakon 100. Kowane layi da ta shimfiɗa ya rame da kusan kashi 11 cikin 100, to ina zai kai ga ɗan'uwansa har su manne?

Nan take wani abokina ya ce magani ya samu, a shiga manhaja a ƙara yawan zaren da kashi 12. Na kusa yarda, sai na tuna da fotina. Ai wannan ma fenti ne, sai dai na lissafi. Ruwa ba ya tsami banza. Muka buɗe wurin haƙoran da ke tura zare, muka tarar sun cushe da garin roba, alamar sun daɗe suna gurzar zaren ba ya tafiya. Me ya hana shi tafiya? Muka zafafa bakin, muka tura zare da hannu, muka ji yana turjewa. Sai muka yi dabarar da masu wannan sana'a su ke yi: a cusa zare bakin yana da zafi, a bar shi ya huce zuwa wajen digiri 90, sa'an nan a fizge shi da ƙarfi. Ya fito da siffar cikin bakin, ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo a kansa. Sau uku muka yi kafin ya fito fes.

Daga ina dattin ya zo? Daga sakacinmu. Duk tsawon hunturu kwarkwaron zaren yana rataye a buɗe, ga taga ba gilashi. Kowa ya san yadda ƙurar hunturu ke kwanciya a kan tebur cikin dare ɗaya. Ta kwanta a kan zare, zare ya kai ta cikin baki, ita kuwa ƙura ba ta narkewa, sai ta taru a ƙofar da ba ta kai rabin milimita ba. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Muka share haƙora da tsohon buroshin goge baki, muka sake awo, ta tura 99. Yanzu akwai ɗan guntun soso da muka huda muka zura zaren ta ciki, yana share shi kafin ya shiga. Kuɗin da muka kashe a wannan gyara bai kai na ƙosai ba.

Bari in ɗan ratse, don akwai wani abu da ya ba ni sha'awa. Na'ura ba ta ganin zaren, tsawonsa kawai ta ke ƙirgawa, ta ɗauka kaurinsa yana nan yadda aka gaya mata. In ka sayi zare mara kyau wanda a wani wuri ya sirance zuwa 1.65 a maimakon 1.75, za ka ce bambancin kaɗan ne. Amma ka tuna da darasin faɗin da'ira da mu ke hamma a cikinsa: sai an ninka kaurin da kansa. Raba 1.65 da 1.75, ka ninka amsar da kanta, za ka sami 0.89. Kashi 11 sun tafi ke nan. Akwai kuma wani zare mai kaurin 2.85 da waɗansu na'urori ke amfani da shi. In ka yi kuskure ka gaya wa manhaja shi ne a kai alhali na 1.75 ne, abin da zai fito bai fi kashi 38 cikin 100 na abin da a ke bukata ba, aikinka ya zama kamar soso. Ranar da na gane wannan na daina tambayar amfanin lissafi.

Kafar bango ba ita kaɗai ce ba. Akwai ta rufi, wadda ta addabe mu lokacin da mu ke yi wa ɗakin gwaji akwatunan ajiye ƙananan kaya. Saman abin sai ya fito da ramuka da ƙuraje, a wani wurin har kana hango cikinsa. Duk wanda ya ga yadda a ke rufin soro ya san dalili. In magini ya jera azara nesa da juna, ya kuma zuba ƙasa kaɗan, dole rufi ya lotsa. Cikin kayan da na'ura ke ƙerawa ba cike ya ke ba, saƙa ce kamar ta gidan zuma, ita ce azarar. Mu don rowar zare mun sa cikon kashi 10 cikin 100, muka kuma sa sahun rufi 3 kawai, watau milimita 0.6. Sahun farko ya faɗa cikin ramuka, na biyu ya bi shi, na uku bai isa ya rufa musu asiri ba. Da muka mai da ciko kashi 20, rufi sahu 5, muka kuma tabbata fankar da ke busar da roba tana juyawa sosai, sai saman ya fito sumul kamar daɓe.

Damina kuma da nata. Zare yana shan laima daga iska, ko da ya ke ido ba ya gani. In ya shiga baki mai zafi sai ruwan ya tafasa, ka ji yana ƙara ƙyas-ƙyas kamar an jefa gishiri a wuta, jikin aiki ya yi borori, ga kuma zare-zare kamar saƙar gizo tsakanin sassa. Mutum zai yi ta murɗa na'ura har ya gaji, alhali ita lafiyarta ƙalau. Maganinsa a gasa zaren a zafin digiri 45 zuwa 50 na awa huɗu zuwa shida. Muna yin haka da tandar ɗakin gwaji, da izinin Malam. Wani ya ce a shanya shi a kan kwano kamar kuɓewa. Kada a kuskura! Irin zaren da mu ke da shi, mai suna PLA, wanda a ke yi da sitacin masara ko rake, yana fara laushi tun wajen digiri 60, kuma kwanon rufi da tsakar rana ba ya da ma'auni. Yanzu a cikin bokiti mai murfi mu ke ajiye shi, tare da 'yan ƙullin nan masu shan laima da a ke samu a kwalin sababbin takalma.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. In sahun farko ya fito kamar taliya, layi-layi ba su haɗu ba, baki ya yi nisa da faranti, sai a zura takarda tsakaninsu a daidaita har a ji tana ɗan gogawa. In ya matse da yawa gindin aiki ya baje kamar ƙafar giwa. In ka ga inuwar harafi tana maimaituwa a gefensa, ko bel ya saki ko gudu ya yi yawa. In an ɗauke wuta aka dawo, ko da na'ura ta ci gaba daga inda ta tsaya, za ka ga tabo a wurin, kuma a nan ne abin zai fi saurin karyewa. Akwai ma tabon da ba shi da magani, watau ɗinkin da ke inda kowane sahu ya fara ya ƙare. Shi sai dai a gaya wa manhaja ta kai shi lungu.

To, ga amsata ga masu son sabuwa. Ban musa ba, na'urorin da ke fitowa yanzu sun fi tamu. Suna auna farantinsu da kansu, suna da sauri, waɗansu har suna tsayawa in zare ya ƙare. In wani ya ba mu ba zan ce a mayar ba. Amma ku dubi abubuwan da na lissafa. Ƙurar hunturu, laimar damina, rowar ciko, ɗaukewar wuta, wanne ne sabuwar na'ura za ta hana? Bakinta ita ma milimita 0.4 ne. In muka kawo ta ɗakin nan da halinmu na da, bayan hunturu ɗaya za ta fara huda mana bango, mu kuwa ba mu san inda za mu taɓa ba, ga kayan gyaranta sai an yi odarsu daga nesa. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri.

Ya kamata kuma mu san asalin abin da ke hannunmu. Wani Ba'amurke mai suna Scott Crump ne ya ƙago wannan hanya ta jera narkakkiyar roba, ya nemi rajistar mallakarta a 1989, kuma shekaru da yawa sai manyan masana'antu ke iya sayen irin injin. A 2005 wani malamin jami'ar Bath a Ingila, Adrian Bowyer, ya fara aikin da ya kira RepRap, da nufin a sami na'urar da za ta iya ƙera sassan 'yar'uwarta, ya kuma saki zanenta kyauta ga kowa. Da wa'adin rajistar Crump ya ƙare a 2009 sai ƙofa ta buɗe, farashi ya faɗi. Josef Prusa na ƙasar Cek, wanda ya fito da samfurinsa mai suna i3 a 2012, daga cikin masu wannan aiki ya taso, kuma yawancin ƙananan na'urori masu araha siffar tasa suka bi. Watau mutanen da suka kawo wannan abu har ya iso ɗakinmu masu kwancewa da ɗaurawa ne, masu ƙona yatsa. An bar notinta a fili ne don a taɓa.

Masu cewa tana cin kuɗi kuwa suna da gaskiya rabi. Mazurarai huɗu da muka zubar sun cinye zare mai yawa, kuma kuɗin makaranta ne. Sai dai ba koyo ne ya ci zaren ba, taurin kai ne. Kilo ɗaya na zare yana da tsawon mita 330 ko kusa da haka. Ɗan dunƙulen gwaji mai santimita 2 ta kowane gefe bai kai giram 5 ba, kuma cikin rabin awa ya fito. Da shi muka buga tun bayan mazurari na farko, da mun ga kafar, mun bi sawunta, ba tare da mun ɓata yini huɗu ba. Akwai masu cewa kuma jarrabawa na tafe, wannan ɓata lokaci ne. Ni dai a ɗakin nan na fahimci abin da a ke nufi da a canza abu ɗaya a riƙe sauran, wanda na haddace tun aji uku ban san ma'anarsa ba.

Kada a ce na haramta samfefa. In kan doki ka ƙera don ado a kan tebur, goge shi ka shafa masa duk launin da ka ga dama, ba wanda zai cutu. Amma abin da zai riƙe ruwa, ko ya ɗauki nauyi, ko wani ya dogara da shi, ina ganin ƙungiya ta kafa doka kada a shafa masa kome sai an gwada shi tsirara a gaban mutum biyu. Mun riga mun sayi littafi mai bango mai ƙarfi mun ɗaure shi da igiya a jikin tebur. Duk wanda ya buga abu zai rubuta kwanan wata, da zafin baki, da gudu, da irin zare, da abu ɗaya da ya canza, da abin da ya gani. Na kuma roƙi a ba mu kanta guda a jera duk aikin da ya lalace, kowanne da 'yar takarda mai faɗin ciwonsa da maganinsa, domin 'yan aji ɗaya da za su gaje mu su ɗauka su jujjuya da hannunsu. Shuɗin mazurarina ne na fara ajiyewa a kai, da sunana a jiki.

Mazurari na biyar mun buga shi da bango sahu huɗu, muka rage gudu, muka ƙara zafi digiri 5 don layukan su kama juna. Muka toshe tsuliyarsa da yatsan roba, muka cika shi da ruwa, muka ɗora a kan busasshiyar takarda ya kwana. Da safe takarda ba ko ɗigo. Malam ya zo da kansa ya zuba ruwan da ya auna, ya sake aunawa a kwalba, ya cika daidai. Bai ce kome ba, ya dai ɗauka ya tafi da shi.

Amma na gaya masa gaskiya cewa wannan ma na wucin gadi ne. PLA ba zai jure ranar Afrilu a fili ba, bakinsa zai karkace, in kuwa faɗin baki ya canza awo ya sake lalacewa. Wanda ya dace shi ne zaren PETG, da a ke bugawa a zafin digiri 230 zuwa 250, wanda ba ya laushi sai wajen 80. Kwarkwaro ɗaya na irinsa mu ke roƙon Shugaba ya saya mana kafin bazara. Wanda kuma ya ke shakkar abin da na faɗa, ɗakinmu a buɗe ya ke kowace Alhamis bayan la'asar. Ya zo da rularsa.